Zaɓen taya da wili don gudu mai tsanani: bayani ga masu motoci a Fatakwal, Anacha da Inugu

Taya ce kaɗai ɓangaren mota da ke taɓa ƙasa, kuma abin da kowace taya ke dafawa a kan kwalta bai fi faɗin tafin hannun babban mutum da yawa ba. A kan waɗannan wurare huɗu ne ƙarfin inji da birki da juyin sitiyari suke sauka. Saboda haka duk mai niyyar shiga filin tsere da motarsa, ko mai doguwar tafiya da kaya daga Fatakwal zuwa Arewa, tambayar da ke gabansa ɗaya ce: shin tayar da ke ƙarƙashinsa za ta iya jure zafi da nauyi da gudun da zai ɗora mata?

A ƙasashen da wasan motoci ya kafu, masu filayen tsere kan ware wasu ranaku su buɗe wa jama'a, kowa ya shiga da motarsa ta gida ya gwada gudu a rufaffen fili, ba tare da gasa ba, a ƙarƙashin kulawar jami'an tsaro da masu agajin gaggawa. Ana yin haka a Kyalami da Killarney a Afirka ta Kudu, da Silverstone a Ingila, da Nürburgring a Jamus, inda tsohuwar da'irar arewa ta haura kilomita 20. A Nijeriya harkar tana matakin farko. Akwai filin tseren Evbuobanosa a Jihar Edo, a kan hanyar Benin zuwa Asaba, sannan akwai tseren motoci na bikin kamun kifi na Argungu a Jihar Kebbi. Ilimin taya da aka tara a irin waɗannan filaye shi ne wanda mai mota a Borokiri yake bukata kafin ya hau babbar hanya, domin abin da ke lalata taya a wuraren biyu iri ɗaya ne.

Yanayin Fatakwal da hanyoyinta

Borokiri na kudancin tsohon garin Fatakwal, kusa da bakin ruwa. Hausawa mazauna birnin, musamman masu fataucin dabbobi da hatsi da kayan gwari da direbobin da ke yi musu jigila, suna zirga-zirga a kan hanyar da ta tashi daga Fatakwal ta bi ta Aba da Umuahiya zuwa Inugu, tafiyar fiye da kilomita 200, daga nan ta Ninth Mile a nufi Makurɗi da Lafiya. Wasu kuma kan bi ta Oweri zuwa Anacha. Wanda ya nufi Kano yana da tafiyar kimanin kilomita 1,000 ko fiye a gabansa.

Abubuwa uku ne suka bambanta wannan yanki. Na farko ruwan sama: Fatakwal na samun sama da milimita 2,000 a shekara, fiye da ninki biyu na abin da Kano ke samu, kuma daminarta doguwa ce. Na biyu ramuka da gefen kwalta da ruwa ya zaizaye, waɗanda ke lanƙwasa wili su fasa gefen taya. Na uku gangara mai tsawo, irin ta Ugwu Onyeama a mashigar Inugu daga Anacha, inda birki ke ɗaukar zafi ya watsa shi ga wili da taya. Ga mazauna bakin ruwa irin Borokiri akwai ƙarin damuwa ta danshi mai gishiri, wanda ke sa wilin ƙarfe tsatsa, ya kuma ci bakin wilin alminiyam har iska ta riƙa silalewa a hankali.

Fatakwal na da tsohuwar alaƙa da sana'ar taya. Kamfanin Michelin na Faransa ya yi shekaru da dama yana ƙera taya a birnin kafin ya rufe masana'antarsa a 2007, kuma Dunlop ya dakatar da ƙera taya a Ikeja ta Legas a 2008. Tun daga lokacin kasuwar ƙasar ta dogara ne kacokan ga tayoyin da ake shigowa da su. A yankin ana samun su a kasuwar kayan mota ta Ikoku da ke Diobu a Fatakwal, da Nkpor da Mgbuka Obosi kusa da Anacha, da Coal Camp a Inugu. A waɗannan kasuwanni sabuwa da 'yar gwanjo, mai kyau da jabu, duk suna jere wuri ɗaya, don haka wajibi ne mai saye ya iya karanta taya da kansa.

Rubutun da ke gefen taya

Kowace taya tana ɗauke da bayaninta a jikinta. A ɗauki misalin wadda aka rubuta mata 205/55 R16 91V. Lamba 205 ita ce faɗin tayar a milimita. Lamba 55 tana nufin tsayin gefenta kashi 55 cikin ɗari ne na faɗin, wato kimanin milimita 113. Harafin R na nuna tsarin saƙar zaren ciki, wanda Michelin ya yi wa rajista a 1946, kuma shi ne tsarin kusan dukan tayoyin ƙananan motoci a yau. Lamba 16 ita ce girman wilin da za ta hau, a inci.

Lamba 91 ma'aunin nauyi ce, kuma tana nufin tayar za ta ɗauki kilogiram 615. Da 94 ce, da kilogiram 670 ke nan. 100 kuwa kilogiram 800. Harafin ƙarshe ma'aunin gudu ne: S na nufin kilomita 180 a sa'a, T 190, H 210, V 240, W 270, Y kuma 300. An samo waɗannan alƙaluma ne daga gwajin sabuwar taya mai cikakkiyar iska a ɗakin gwaji. Taya mai ƙarancin iska, ko wadda aka yi wa faci, ko wadda aka ɗora wa nauyin da ya fi ƙarfinta, ta riga ta fita daga wannan lissafi. Ƙa'idar ita ce kada a sa taya mai ma'aunin nauyi ko na gudu ƙasa da wanda kamfanin motar ya tsara. Babban harafi kuma alama ce ta jure zafi, wanda ke amfanar ko da direban da ba ya wuce ƙa'idar gudu.

Sai ranar ƙira. A ƙarshen jerin haruffan da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Lamba 2322 na nufin an ƙera tayar a mako na 23 na shekarar 2022. An fara amfani da lambobi huɗu ne a shekarar 2000, saboda haka duk tayar da ke da lambobi uku ta girmi wannan shekara.

Yawancin tayoyi suna ɗauke da wasu alamomi uku da hukumomin Amurka suka tanada. Ɗaya lamba ce ta daɗewa kafin suɗewa: tayar gida kan nuna 300 zuwa 600, tayar gudu 200 ko ƙasa. Ta biyu ƙarfin riƙe jiƙaƙƙen titi lokacin birki, daga AA zuwa C. Ta uku jure zafi, A ko B ko C. A yanayin Nijeriya, kuma musamman a filin tsere, A ce ta dace.

Shekaru da tayar gwanjo

Roba tana tsufa ko ana tafiya da ita ko tana ajiye. Rana da zafi da iska suna busar da ita, ta yi tauri, ƙananan tsage su bayyana a gefe da cikin zane. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana ɗaukar shekara huɗu daga ranar ƙira a matsayin wa'adin taya. Wasu manyan kamfanoni, irin su Michelin, suna ba da shawarar a riƙa kai taya ga ƙwararre duk shekara bayan ta cika biyar, a kuma cire ta idan ta cika goma komai kyan zanenta. A kan titunan Nijeriya ƙa'idar hukumar ce ke aiki. A filin tsere kuwa tayar da ta yi tauri ba ta kama ƙasa ko da zanenta bai taɓu ba.

Tayoyin gwanjo na cikin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su, in ban da wasu manyan tayoyin tirela da ake sabunta musu zane. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, wato SON, ita ke da alhakin tantance sababbin da ake shigowa da su. Duk da haka 'yar gwanjo ta cika kasuwa saboda araha. Illarta ita ce mai saye bai san tarihinta ba: ko an taɓa tafiya da ita babu iska har zaren ciki ya karye, ko an cusa ta cikin wata tayar a kwantena har bakinta ya lanƙwashe. Da yawa kuma tayoyin sanyi ne daga Turai, waɗanda aka haɗa robarsu don yanayin da bai kai digiri 7 ba. Ana gane su da hoton dutse mai kololuwa uku da ƙanƙara a tsakiya, da kuma ɗimbin ƙananan tsage a kan zane. A kwaltar Inugu zuwa Makurɗi da tsakar rana irin wannan roba tana laushi fiye da kima, birki ya yi nisa, tayar ta suɗe da wuri.

Nau'o'in taya don filin tsere

Tayoyin da ake shiga fili da su sun kasu kashi huɗu. Na farko tayar titi mai inganci ta gudu, irin su Michelin Pilot Sport 4 ko Continental SportContact. Tana da cikakken zane, tana korar ruwa, kuma idan ta kusa sakin ƙasa tana yin ƙara, direba ya ji ya sassauta. Ita ce ta dace da mai shiga fili karon farko. Na biyu tayar da ke tsakanin titi da fili, mai lambar suɗewa 200, irin su Hankook Ventus RS4 da Bridgestone Potenza RE-71RS. Gefenta ya fi ƙarfi, kuma tana jure zagaye da yawa kafin zafi ya rage mata kamu. Na uku mai ƙarancin zane, irin su Toyo Proxes R888R da Nankang AR-1, wadda ke kama busasshiyar kwalta sosai bayan ta ɗauki ɗumi. Na huɗu santsiya marar zane ko kaɗan, wadda aka yi don gasa kawai, kuma bai halatta a hau titi da ita ba.

Masu koyar da tuƙin fili kan gargaɗi sababbin shiga game da gaggawar sayen kashi na uku da na huɗu. Dalili shi ne irin waɗannan tayoyi suna ɓoye kuskuren direba har sai gudu ya yi yawa, sannan su saki ƙasa farat ɗaya. Ƙarfin kamunsu yana kuma ƙara wahalar da birki da ƙafafun mota, kuma a doguwar kwana yana iya ture baƙin mai gefe guda a cikin injin da ba a gina don haka ba.

Ga mazaunin Fatakwal akwai wani dalili na daban, wato ruwa. Aikin zanen taya shi ne buɗe wa ruwa hanya ya fice daga ƙarƙashinta. Sabuwar tayar titi tana da zurfin zane kimanin milimita 8, tayar fili kuwa tana farawa da ƙasa da haka. Idan ruwan da ke kan titi ya fi ƙarfin zanen, tayar kan hau kan ruwan ta daina taɓa kwalta, sitiyari da birki su daina aiki na ɗan lokaci. A cikin zane akwai ƙananan tudu da ke nuna zurfin milimita 1.6, wanda shi ne iyakar doka a Turai, amma kamun jiƙaƙƙen titi yana raguwa sosai tun daga milimita 3. Saboda haka tayar fili mai ƙarancin zane ba ta dace da zirga-zirgar damina a Jihar Ribas ba. Mai son ta sai ya tanadi wili huɗu na daban, ya ɗauke su zuwa fili, ya ɗaura a can, ya cire kafin ya kamo hanyar gida.

Filin ƙasa da yashi yana da nasa tsari. A tseren tsakuwa ana amfani da wili mai inci 15 da taya mai dogon gefe mai kauri, domin ta sha duka ba tare da wili ya fashe ba. A yashi kuwa rage iska ake yi don tayar ta baje, dabarar da direbobin Sahara suka sani tun kafin tseren Paris zuwa Dakar ya riƙa bi ta Agadas a Jamhuriyar Nijar. Da zarar an dawo kwalta dole a mayar da iskar.

Zaɓen wili

Wili ma yana da rubutunsa, galibi a bayansa, misali 7.5Jx17 ET45. Lamba 7.5 faɗinsa ce a inci, 17 girmansa, ET45 kuma nisan da ke tsakanin tsakiyar wilin da fuskar da ke manne wa ƙafar mota, a milimita. Idan wannan lamba ta ragu, wilin kan fito waje, ya iya gogar bakin jikin mota, ya kuma ƙara wa boris nauyi. Idan ta ƙaru, ya shige ciki ya iya taɓa birki ko shoka.

Dole ramukan noti su dace daidai. Toyota Camry da Honda Accord na shekarun baya-bayan nan suna da ramuka biyar a da'irar milimita 114.3. Mercedes-Benz da Audi suna da biyar a 112, tsofaffin BMW biyar a 120, Peugeot 406 kuma huɗu a 108. Tsakanin 112 da 114.3 bambancin ƙanƙane ne a ido, har wilin ya yi kamar ya zauna, amma notin zai ɗauru a karkace, kuma jijjiga za ta iya karya shi. Ramin tsakiya ma ya bambanta: milimita 60.1 a Camry, 64.1 a Accord, 66.6 a Mercedes-Benz. Wilin da raminsa ya fi girma yana bukatar zoben cikewa, kuma a fili zoben ƙarfe ya fi na roba, wanda zafin birki kan narkar. Haka nan mazaunin noti iri uku ne, mai tsini da mai zagaye da shimfiɗaɗɗe, kuma kowane wili da irin notinsa.

Ta fuskar ƙira, wilin ƙarfe yana da nauyi amma yana da araha, kuma idan ya faɗa rami lanƙwasa yake yi, ana iya miƙe shi. Wilin alminiyam na zubi ya fi sauƙi, sai dai marar inganci kan tsage maimakon ya lanƙwasa. Akwai wanda ake zubawa sannan a murza gangar jikinsa da na'ura ta yi siriri da ƙarfi, kuma shi yawancin masu zuwa fili ke saye. Mafi ƙarfi da rashin nauyi shi ne wanda aka matse daga dunƙulen alminiyam, kuma shi ya fi tsada. Amfanin rashin nauyi shi ne shoka tana samun sauƙin riƙe taya a ƙasa idan titi ba sumul ba ne. Wilin alminiyam da ya taɓa tsagewa aka yi masa walda bai kamata ya shiga fili ba, haka ma jabun da aka kwaikwayi sunan babban kamfani aka manna masa.

Yawancin matasa suna sha'awar babban wili da siririyar taya saboda kyan gani. Lissafin da ya kamata a kiyaye shi ne tsayin taya gaba ɗaya. Taya 205/55 R16 tana da tsayin kimanin milimita 632, 225/45 R17 kuma kimanin 634, saboda haka ana iya musanya su ba tare da agogon gudu ya yi ƙarya ba. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada bambancin ya wuce kashi 3 cikin ɗari. Duk incin da aka ƙara wa wili ana rage shi ne daga gefen taya, kuma wannan gefe shi ke kare wili daga rami. Masu zuwa fili da dama suna zaɓar mafi ƙanƙantar wilin da zai rufe birkinsu, domin ya fi sauƙi kuma tayarsa ta fi araha. Faɗin wili ma dole ya dace da na taya: 225/45 tana zama a kan inci 7 zuwa 8.5. Taya mai faɗi a kan siririn wili tana lanƙwashewa a kwana, siririya da aka ja a kan faffaɗan wili kuma tana iya zamewa daga bakinsa.

Iska da zafi

Iskar da ke cikin taya ce ke ɗaukar nauyin mota. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a murfin tankin mai, kuma ga yawancin ƙananan motoci yana tsakanin PSI 30 da 35, a auna da safe kafin a yi tafiya. Lambar da ke gefen taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Ba baƙon abu ba ne mai faci ya ɗura 45 ko 50 a kowace taya, shi ya sa ya kamata mai mota ya mallaki gejinsa. Iskar da ta yi yawa tana rage faɗin abin da ke taɓa ƙasa, ta cinye tsakiyar zane. Wadda ta yi kaɗan ta fi haɗari: gefen tayar yana ta lanƙwasa yana miƙewa, zafi ya taru a ciki, har roba ta rabu da wayar da ke ƙarƙashinta, tayar ta fashe ana cikin gudu.

Duniya ta ga misalin haka a shekarar 2000, lokacin da kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka bayan haɗurran motocin Ford Explorer, waɗanda yawancinsu suka auku a jihohi masu zafi. A shekarar ce majalisar ƙasar ta yi dokar da daga baya ta wajabta na'urar gargaɗin ƙarancin iska a sababbin motoci. Ko manyan ƙwararru ba su tsira ba. A tseren Formula One na Indianapolis a watan Yunin 2005, motoci 14 masu tayar Michelin sun janye, shida kacal suka yi tseren, bayan da aka gano tayoyin ba za su jure nauyin wata kwana mai gudu ba.

Iska tana ƙaruwa da kimanin PSI ɗaya duk lokacin da zafinta ya hau da digiri 5 zuwa 6. A fili, bayan zagaye kaɗan, tana iya hawa da PSI 5 ko fiye. Hanyar da ake bi ita ce a fara da adadin da kamfanin mota ya tsara, a yi zagaye huɗu ko biyar, a fito a auna nan take, sannan a rage har a kai adadin da kamfanin tayar ya ba da don lokacin zafi. Masu ma'aunin zafi kan auna wuri uku a faɗin taya, ciki da tsakiya da waje. Idan tsakiya ta fi zafi, iska ta yi yawa. Idan gefunan biyu suka fi, ta yi kaɗan. Idan waje kaɗai ne, saitin ƙafar motar ne ke bukatar gyara. Bayan an gama, tayar ta huce, sai a mayar da iskar titi kafin a tafi gida.

A kan babbar hanya ba a rage iskar taya mai zafi. Direban da ya tsaya a Ninth Mile ya auna ya ga iska ta hau, ya sauke ta, zai wayi gari da taya mai ƙarancin iska. Idan an yi lodi mai nauyi, adadin da ya dace da cikakken lodi yana rubuce a wuri ɗaya da na farko.

Dubawa kafin shiga da bayan fitowa

Ana duba kowace taya ciki da waje. Kumburi a gefe alama ce ta karyewar zaren ciki, galibi daga dukan rami, kuma ba shi da gyara. Hudar ƙusa a kan zane da ba ta wuce milimita 6 ba ana iya yi mata faci daga ciki don tafiyar yau da kullum. Hudar gefe ba a yi mata faci, kuma tayar da aka taɓa yi wa faci ba a so ta shiga fili. Tayoyin ƙafa ɗaya, hagu da dama, su zama iri ɗaya a suna da girma da zurfin zane. Mota mai jan ƙafa huɗu tana bukatar huɗun su zama ɗaya. Idan biyu kawai aka iya saye, sababbin suna zuwa baya ne, ko da motar da gaba take ja, domin zamewar baya a jiƙaƙƙen titi ta fi wuyar shawo kai. Wasu tayoyi suna da kibiya mai nuna inda za su juya, wasu kuma an rubuta wa gefe ɗaya cewa shi ne na waje.

Ana ɗaure noti da sifana mai ma'auni, a bi su a gicciye. Camry na bukatar kimanin Nm 103, Accord 108. Ɗaurin da ya wuce kima, irin na hawa kan sifana da ƙafa, yana miƙe ƙarfen har ya karye daga baya. A sake duba notin bayan zagayen farko idan wilin ya huce. A canza bawul duk lokacin da aka canza taya, a kuma rufe shi da murfinsa. Zagayen ƙarshe a fili ana yin sa ne a hankali, don iska ta sanyaya birki da taya kafin a tsaya.

Doka da inda gudu ya halatta

Dokar hanya ta Nijeriya ta ƙayyade wa ƙananan motoci na gida kilomita 100 a sa'a a kan tagwayen hanyoyi, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. Tasi da bas 90 ne a tagwayen hanya, tirela da tanka kuma 60. Harafin V ko W a gefen taya bai sauya wannan ba. Tsere ko wasan juya mota a titin jama'a, ko a wajen biki, laifi ne, kuma yana jefa masu tafiya a ƙafa cikin haɗarin da ba su zaɓa ba. Wurin gwada mota shi ne rufaffen fili mai shinge, da hular kwano, da motar asibiti a tsaye. Lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122.

Tsarin zaɓe ga mai mota a wannan yanki yana farawa da girma da ma'aunin nauyi da na gudu da kamfanin motar ya tsara, sai ranar ƙira, sai alamar jure zafi, sai zanen da zai iya da ruwan Fatakwal. Wili yana biyo baya, wanda ramukansa da faɗinsa suka dace, kuma bai cinye gefen taya ba. Taya ta musamman don fili tana zuwa ne daga ƙarshe, bayan direba ya ƙware da ta titi, kuma a kan wilinta na daban.